Yadda Ake Aiki Da Masu Maganin Gargajiya Na 'Yan Asalin Ƙasa A Wod Ɗin Taɓin Hankali Da Shaye-shaye

Duk ma'aikacin lafiyar da aiki ya kai Kanada ko Amurka ko Ostiraliya ko Niyu Zilan, in dai a ɓangaren taɓin hankali da shaye-shaye aka ajiye shi, to ko ba daɗe ko ba jima zai ga wannan: kana tsaka da rabon magani sai ga wata dattijuwa ta shigo wod riƙe da 'yar jaka da fiffiken tsuntsu, a wuyanta kuma ga katin ma'aikata irin naka sak. Ba 'yar dubiya bace fa, abokiyar aiki ce. Masu maganin gargajiya ne na 'yan asalin ƙasar, wato mutanen da Turawa suka tarar a can, kuma a asibitoci da dama yanzu biyansu ake yi kamar kowa. Navajo na Amurka suna kiran nasu hataałii, Anangu na tsakiyar Ostiraliya ngangkari, Maori na Niyu Zilan tohunga, a Kanada kuma mafi yawa dattijo zakaji ana cewa ko mai riƙon ilimin gargajiya.

A ganina ba a wajen gardamar "yana aiki ko baya aiki" wannan tsari yake lalacewa ba, a ƙananan abubuwa ne da kowa ke turawa ɗan uwansa, wa zai rufe ƙararrawar gobara, wa zai biya kuɗi, me za a rubuta a fayil, wa zai duba magungunan majinyaci kafin ya shiga bukkar gumi, wato bukkar zafi da tururi da suke shiga don addu'a da neman waraka. In an gyara waɗannan mai magani ya zama abokin aiki na gaske, in ba a gyara ba ya zama jeka-na-yi-ka, sai ranar buɗe sabon gini a kira shi ya yi addu'a a ɗauki hoto.

Fara sanin abun da ya faru kafin ka zo

Bazaka gane kallon tuhumar da wani majinyacin yake maka ba sai ka san wannan. A Amurka tun 1883 gwamnati ta kafa ƙa'idojin da suka mai da aikin mai magani laifi, sai 1978 aka yi dokar kare 'yancin addinin 'yan asalin ƙasa. Kanada ta haramta wasu manyan bukukuwansu daga 1884 har 1951, Niyu Zilan ta yi dokar murƙushe tohunga a 1907 ba a soke ta ba sai 1962. Ga kuma makarantun kwana na Kanada da gwamnati da coci-coci suka gudanar, yara kimanin 150,000 aka raba da iyayensu aka aske musu gashi aka hana su yarensu, da yawa basu koma gida ba, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe, kaga kenan dattijon nan da ke kwance a gadon ƙarshe yana iya zama ɗaya daga cikinsu. To ka kawo irin wannan mutum gini mai kulle, ka karɓe kayansa a bakin ƙofa, ka sa masa lokacin barci da lokacin tashi, me kake zaton zai tuna? Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake.

Kuma ba tsohon labari bane kaɗai. A 2008 Brian Sinclair ya mutu a kan keken guragu a ɗakin jiran gaggawa a Winnipeg ta Kanada bayan awa 34 ba wanda ya duba shi, wasu ma'aikata sun ɗauka maye yake barci, alhali ciwon mafitsara ne da ake iya magancewa. A 2020 Joyce Echaquan, 'yar ƙabilar Atikamekw mai 'ya'ya bakwai, ta ɗauki ma'aikata kai tsaye a Facebook suna zaginta a Joliette ta jihar Quebec jim kaɗan kafin ta cika, ita ma an ɗauka yunwar ƙwaya ke damunta. Waɗannan sunaye majinyatanka sun san su ko kai baka sani ba.

Shi yasa hukumar gaskiya da sulhu ta Kanada, cikin kiraye-kiraye 94 da ta fitar a 2015, ta keɓe na 22 tana neman masu iko a harkar lafiya su amince da darajar maganin 'yan asalin ƙasa su kuma yi amfani da shi tare da masu magani da dattawa, a inda majinyaci ya nema. Riƙe wannan sharaɗin na ƙarshe da kyau. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Kudancin Ostiraliya ta 2009 ita ma ta ambaci haɗa kai da masu maganin gargajiya inda hakan ya dace.

Tambaya, kada ka yi zato

Kowane majinyaci ake tambaya ranar kwantarwa, ba sai wanda ka ga "ya yi kama" ba, domin launin fata baya nuna komai a nan. Kai ɗan asalin ƙasa ne? Wace al'umma? Kana son ganin dattijo ko mai magani? Sai dai mutumin da 'yan sanda suka kawo da tsakar dare jikinsa na rawa ba zai ji ka ba, saboda haka a sake tambaya bayan kwana biyu uku in ya dawo hayyacinsa, cikin ruwan sanyi, misali "Baba, akwai dattijuwa da ke zuwa wod ɗin nan, in kana so in gaya mata ta leƙo ku gaisa, in baka so ba komai, babu abun da zai canza a kulawarka." Wannan jimlar ta ƙarshe dole ce, mutumin da doka ta tsare a asibiti yana iya cewa e don kawai yana zaton shine hanyar sallama.

Wasu zasu ce a'a kuma haƙƙinsu ne. Da yawa Kiristoci ne fasto suke so, wasu a birni suka tashi ko a hannun mariƙa basu taɓa ganin bikin gargajiya ba har kunyar faɗa suke ji. Sannan ba dunƙule ɗaya bane su, Amurka kaɗai akwai ƙabilu sama da 570 da gwamnatin tarayya ta amince da su, a Kanada Inuit na can arewa daban, Métis masu jinin 'yan ƙasa da na Turawa daban, sauran da ake kira al'ummomin farko daban, turaren da Cree da Anishinaabe suke yi ba al'adar Inuit bace, su fitilar mai ta dutse da suke kira qulliq suke kunnawa. Ka tambayi ko namiji yake so ko mace, a Ostiraliya musamman akwai al'amuran maza da na mata da ba a haɗawa. Can kuma kawu da goggo suke cewa dattawansu don girmamawa, amma kai baƙo ka tambayi yadda suke so ka kira su tukunna.

Wa zai ce wannan mai magani ne na gaskiya

Ba asibiti ba. Asibiti bashi da ilimin da zai tantance, babu kuma wata jami'a da ke bada takardar. A jihar Ontario ta Kanada dokar sana'o'in lafiya ta 1991 ma cire su ta yi daga ƙarƙashin hukumomin rajista. Al'umma ce ke shaidar nata, don haka abun yi shine kwamitin dattawa da shugabannin lafiya na 'yan asalin yankin, su zasu ce wane mun san shi, mun san wanda ya koya masa, mun san abun da ya iya da wanda ba nasa ba. A Kudancin Ostiraliya ngangkari sun kafa ƙungiyarsu ANTAC a 2012, ita ke tantance su tana tura su asibitoci, ga kuma shirin ngangkari na NPY, majalisar matan 'yan asalin tsakiyar Ostiraliya, da ke aiki tun 1998.

In aka yi wa wannan mataki riƙon sakainar kashi rai ake rasawa. A 2009 kusa da Sedona ta jihar Arizona wani James Arthur Ray, wanda ba ɗan asalin ƙasa bane ko kaɗan, ya karɓi kusan dala 10,000 a hannun kowane mutum ya cusa su a wata bukkar gumi ta kwaikwayo, mutum uku suka mutu, kotu ta ɗaure shi.

Amma shaidar al'umma bata cire sauran ƙa'idoji. Binciken 'yan sanda irin wanda ake yi wa duk mai aiki da masu rauni, horo kan sirrin majinyaci, inshora, da hanyar kai ƙara da majinyaci ya sani, duk sai an yi. Kamar yadda ake samun ɓata-gari a likitoci haka ake samu a nan, kuma yawancin dattawan kirki da kansu basa yarda su keɓe da mace ko yaro ba tare da mataimaki ba.

Kuɗi da matsayi

A al'ummomi da dama na Kanada in zaka roƙi dattijo wani abu taba kake miƙa masa, 'yar kaɗan a ƙulle cikin ƙyalle, ka faɗi buƙatarka ƙarara, in ya karɓa ya ɗauki aikin kenan. Wannan ladabi ne, ba shine biya ba. Biya daban ne, kuma nan asibitoci suke bada kunya, dattijo ya tuƙo mota awa uku da man kansa sannan ofishin kuɗi ya ce ya cika fom ya jira sati shida. A shirya kuɗin a bashi ranar, a haɗa da na hanya da masauki da na mataimakinsa da na itacen wuta da ganyayen da ya ɗebo. Wanda ya fi duka dai shine kujera ta dindindin da albashi, da ɗakinsa, da sunansa a jadawalin aiki, ana kiransa mitin ɗin tattauna majinyata ana kuma jira ya yi magana, domin da yawansu basa katse mutum, in ba a bar musu shiru ba har a tashi bazasu ce uffan ba.

Hanyoyin kuɗin suna buɗewa a hankali. Hukumar biyan diyyar haɗurra ta Niyu Zilan, ACC, ta fara biyan maganin Maori da ake kira rongoā a 2020, a Oktoban 2024 kuma gwamnatin Amurka ta amince Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ya biya maganin gargajiya a Arizona da California da New Mexico da Oregon, a California da masu fama da shaye-shaye aka fara.

Turare a bakin gado

Shine zaka fi gani a Kanada da sassan Amurka. Ganyaye huɗu ne suka fi shahara, taba da ganyen sej (sage) da ganyen itacen sida (cedar) da wata doguwar ciyawa mai ƙamshi da ake kitsewa. Dattijuwa zata murmushe busasshen ganye a cikin faffaɗan ɓawon kawa ta ƙyasta ashana, ta fifita da fiffike har harshen wutar ya mutu ya rage siririn hayaƙi, shi kuma majinyacin ya cire gilashinsa ya riƙa ɗebo hayaƙin da tafi biyu yana shafawa a kai da ido da kunne da baki da ƙirji. 'Yan mintuna an gama, sau da yawa ma daga nan ne mutumin da ya kwana uku bai yi maka magana ba zai fara buɗe baki.

Naka aikin kafin nan ne. Kira masu kula da gini su rufe na'urar jin hayaƙi ta wannan ɗakin kaɗai, ka rubuta lokaci, in an gama ka tabbatar an mai da ita, wannan mantuwar tafi ta farko hatsari. In akwai oksijin a ɗakin a kashe a fitar da tukunyar, in majinyacin bazai jure rashinsa ba to likita da dattijuwar su nemi wata hanya, wasu kan yi da ruwan ganye. Rufe ƙofa ka manna takarda, duba ko akwai mai asma a kusa, cikin ma'aikata ma. Ashana tare da dattijuwar ta shigo tare zasu fita, wod ɗin taɓin hankali ne kar a manta. Toka kuma ba a zuba ta a kwandon shara, waje ake mai da ita ƙasa, bari ita ta tafi da abinta.

Kuma dan Allah tsarin ya zama yana aiki ƙarfe biyun dare da ranar Lahadi, domin tashin hankali baya jiran lokacin ofis. Kada a ce wa wanda doka ta hana fita "je waje ka yi", ai an hana shi kenan. A Ontario dokar hana shan taba da kanta ta wajabta wa asibiti ya keɓe wuri a cikin gini don amfani da taba ta hanyar gargajiya in ɗan asalin ƙasa da ke kwance ya nema.

Haka batun 'yar jakar fata da wasu ke ratayawa a wuya. In sikiyoriti zai yi bincike shi mai ita ne zai buɗe da hannunsa ku duba da ido, ba a zazzage ta a kan tebur. In igiyar ce abun tsoro saboda yana maganar kashe kansa, to igiyar ce matsalar ba jakar ba, a cire igiyar ya sa jakar a aljihu ko cikin rigar filo. In dole sai an karɓa a kira dattijo ya riƙe, a kuma faɗa masa yaushe za a dawo masa da ita. Gashi ma haka, kada a yanke kitson mutum don sauƙin aikinku, in ɗinki ya tilasta a tambaya, a bashi abun da aka yanke.

Bukkar gumi, inda ilimin nas yake da amfani sosai

Gajeriyar bukka ce ta tanƙwararrun rassa da aka lulluɓe da barguna, a tsakiya rami, ana shigo da duwatsun da aka gasa a wuta a zuba musu ruwa, ciki duhu ƙirin da zafi da tururi, ana waƙa da addu'a, yawanci zagaye huɗu ana buɗe ƙofa a tsakani. CAMH, asibitin taɓin hankali da shaye-shaye na Toronto, ya gina tasa a harabarsa a 2016. Mai jagorantar bukkar ya san wuta da duwatsu da mutane, abun da bai sani ba shine abun da ke cikin katin maganin majinyacinka, kai ka sani.

Na farko litiyom, maganin da ake ba masu ciwon hawa da saukar yanayi. Gumi yana fitar da ruwa da gishiri, in gishiri ya ragu ƙoda sai ta riƙe litiyom, shi kuma tazarar da ke tsakanin magani da guba a wajensa ƙanƙanuwa ce, ana so ya tsaya tsakanin 0.6 da 1.2 a jini, daga 1.5 an fara shiga hatsari, rawar hannu mai ƙarfi da amai da gudawa da tangaɗi da harɗewar harshe. Sai magungunan taɓin hankali irin su kulozafin da olanzafin da waɗanda ake bayarwa don sandarewar jiki, suna rage gumi su hana jiki sanyaya kansa, su kuma sa jini ya faɗi in mutum ya miƙe. Ƙara da masu shan maganin sa fitsari, masu ciwon zuciya, masu farfaɗiya, mai juna biyu, da mai ciwon suga da ke allurar insulin musamman in akwai azumi a cikin shirin. Akwai kuma wanda aka taɓa kullewa a duhu yana yaro ko aka ci zarafinsa, shi duhun da matsin ne zasu tayar masa.

Wannan lissafin ba don likita ya buga hatimin "a'a" bane. Da izinin majinyaci a zauna da mai bukkar a gaya masa a sarari, "wannan zafi mai yawa zai iya kwantar da shi," zaka sha mamakin hanyoyin da yake da su, ya rage duwatsu, ya gajarta zagaye, ya zaunar da shi bakin ƙofa, ko ya bashi aikin zama wajen wuta a waje wanda shi ma shiga ne a wajensu. Ruwa kafin da bayan, a auna hawan jini, kowa ya san yana da damar cewa a buɗe ƙofa ya fita. Abun da ba a yi shine majinyaci ya tsallake maganinsa a ɓoye don ya samu shiga, kuma zai yi hakan in ya ga kuna jiran dalilin hana shi ne.

Maganin sha kuwa, tambaya kawai ba tare da yatsine fuska ba, "akwai wani shayi ko saiwa da kake sha?" ka kai wa mai haɗa magani na asibiti ya duba. Ganyen St John's wort misali yana karo da magungunan ciwon damuwa yana kuma rage ƙarfin metadon (maganin da ake ba masu barin ƙwayoyi dangin hiroyin) a jini, saiwar kava tana ƙara nauyin barci tana iya taɓa hanta. Wani mai maganin bazai faɗa maka sirrin haɗinsa ba, to a nemi ya yi magana da mai haɗa magani su biyu, ko a jinkirta sha har jikin ya daidaita.

Shaye-shaye: kada a sa mutum ya zaɓi ɗaya

Barin giya farat ɗaya yana kisa. Jijjiga a kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane daga kwana 2 zuwa 4, wannan aikin wod ne da magani da sa ido, ba lokacin bukka ko azumi bane, amma turare da waƙa da zaman dattijo a gefen gado babu abun da ya hana.

Inda ake samun saɓani shine metadon da bufrenofin, magungunan da ake ba wanda ya kamu da ƙwayoyi dangin hiroyin kullum a madadinsu. Masu jagorantar bukukuwa da yawa suna neman mutum ya yi kwanaki, sau da yawa huɗu, bai sha komai ba, wasunsu kuma suna lissafa waɗannan magunguna cikin "shan wani abu". In majinyaci ya ajiye maganinsa don ya cika sharaɗi, jikinsa ya saba da rashi, sannan ya koma wa adadin da ya saba sha a da, musamman yanzu da fentanil, ɗan uwan hiroyin da ya fi ta ƙarfi nesa, ya cika kasuwa, to gawa za a ɗauka. Wannan magana ce da likita zai zauna da dattawa a kai tun kafin a samu majinyaci a tsakiya, cikin girmamawa, da bayanin yadda maganin ke aiki. Kuma akwai misali da za a nuna musu daga cikinsu: al'ummar North Caribou Lake a arewacin Ontario ta haɗa bufrenofin da nasihar dattawa da masu ba da shawara na gargajiya, rahoton da aka buga a 2015 ya nuna cikin shekara ɗaya tuhumar 'yan sanda ta ragu da kimanin kashi 61 cikin ɗari, shari'o'in kare yara suka ragu da kimanin kashi 58.

Wani zai ce ina hujjar kimiyya. Gaskiya wata bita ta 2014 da ta tattaro nazari 19 daga Amurka da Kanada ta ga akasarinsu sun nuna raguwar shaye-shaye, amma yawancinsu ba irin gwajin nan bane da ake raba mutane gida biyu da ƙuri'a, don haka kada kowa ya cika baki. Ni dai abun da nake dubawa mai sauƙi ne, wanda da zai sa hannu ya fice ran kwana na biyu ya zauna ya ƙarasa maganinsa saboda akwai wanda ke jin yarensa a wod, wannan kaɗai ya biya kuɗin kujerar.

In ya ce yana jin muryar kakarsa da ta rasu

Kar ka yi saurin rubuta "yana jiye-jiye", kar kuma ka yi saurin cewa "al'adarsu ce" ka wuce, duka biyun lalaci ne. A al'ummomi da yawa gani ko jin mamaci bayan rasuwa abu ne sananne, Maori suna da matakite, masu baiwar gani, ngangkari kuma suna maganar kurunpa, ruhin mutum da ke iya gocewa daga mazauninsa su mai da shi. Tambayoyin da zasu taimaka: muryar tana kwantar masa da hankali ko firgita shi take, tana umartarsa ya cutar da kansa ko wani, danginsa suna ganin abun daidai ne ko su ma sun tsorata, yana barci, maganarsa a haɗe take ko a warwatse, akwai zazzaɓi ko wata ƙwaya mai sa kuzari a jikinsa. Kundin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5 na 2013, yana da tambayoyi 16 kan al'adar majinyaci, a yi amfani da su. Amma mafi kyau a duba shi tare, kamar yadda Wiremu NiaNia, mai maganin Maori, da likitan ƙwaƙwalwar yara Allister Bush suka yi shekaru suna yi a cibiyar Te Whare Marie da ke Porirua a Niyu Zilan, kowa ya faɗi abun da ya gani a gaban iyali. Mai magani na gaskiya ya san iyakarsa, wani lokacin shi zai fara ce maka wannan ba namu bane, ku bashi maganinku, kuma daga bakinsa iyali sun fi karɓa.

Fayil

Rubuta cewa an nema, an zo, ranar da lokaci, wane iri ne a dunƙule, yadda majinyaci ya kasance bayan nan, da duk abun da ya shiga cikinsa. Kalmomin addu'a da waƙa da abun da ya faɗa wa dattijo a asirce ba na fayil bane, sai dai maganar kashe kai ko cutar da wani ko yaro cikin hatsari, wannan kam an riga an yi yarjejeniya da mai maganin tun ranar ɗaukarsa cewa zai sanar. Hoto da bidiyo babu.

Nasan wani na karantawa yana cewa to ni imanina fa? Ba wanda ya ce ka yi imani da shi ko ka ɗebi hayaƙi, in an miƙo maka ka ɗan ja baya ka sa hannu a ƙirji ka gode, sun saba, ko ka roƙi abokin aiki ya tsaya a madadinka. Aikinka shine ƙararrawa da oksijin da katin magani. Abun da zai iya cin lasisinka shine ka hana, ko ka yi ba'a, ko ka tsaya yi wa majinyaci wa'azi a kan gado, ga mutanen da da sunan addini aka ƙwace musu 'ya'ya.

Sai sallama, wadda ake fara shiryawa tun satin farko. Da yawa garuruwansu na da nisa, wasu sai a jirgi, dattijuwar asibiti kuma bazata bi shi can ba, saboda haka da izininsa a haɗa shi da mai magani ko cibiyar da ke garinsu, a yi wayar yana zaune a wajen, a sa rana. A Kanada shirin tarayya na NIHB, mai ɗaukar wasu kuɗaɗen lafiya na 'yan asalin ƙasa, yana iya biyan kuɗin tafiya wajen mai maganin gargajiya ga waɗanda suka cancanta, amma sai an nemi amincewa tun kafin tafiyar, don haka jami'in walwala ya cika takardun da wuri. A rubuta masa jerin magungunansa a takarda ɗaya mai sauƙin karantawa da zai nuna wa duk mai bukkar da zai shiga a gida, a ja layi ƙarƙashin litiyom in yana ciki. In kuma ƙwayoyi dangin hiroyin ne matsalarsa, naloksan, maganin farfaɗo da wanda ƙwayar ta yi wa yawa, a hannunsa kafin ya taka ƙofa, a koya wa wanda ya zo ɗaukarsa yadda ake fesa shi a hanci, a kuma tabbatar akwai inda zai karɓi metadon ko bufrenofin ɗinsa washegari ba sai Litinin ba.